Gaskiyar magana ba ta ɗaure maka hannu

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: idan maganar "gobe zan yi tafiya" gaskiya ce tun yau, ashe tafiyar ta zama tilas, to ina zaɓinka? Na daɗe ina koyar da manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, kuma da wuya a gama zango wani ɗalibi bai kawo wannan ba.

Magana ce tsohuwa. Aristotil, masanin falsafa na Girka wanda ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya buga misali da yaƙin jiragen ruwa: ko a gwabza gobe ko ba a gwabza ba, dole ɗayan biyun ya faru. Amma wajabcin faruwar ɗayan biyun bai nuna cewa gwabzawar ita kanta wajibi ce ba. A nan mutane ke zamewa.

Ga abin da nake yi a aji. Sai in ɗaga alli in ce kowa ya rubuta ko zan sake shi ko a'a. Can sai in saki, ya faɗi ya karye. Waɗanda suka rubuta "zai saki" sun faɗi gaskiya tun kafin in motsa. Sai in tambaye su: rubutunku ne ya buɗe mini yatsu? Babu mai cewa e. Sakin da na yi ne ya sa rubutunsu ya zama gaskiya.

Tun zamanin Girkawa akwai masu cewa in an ƙaddara za ka warke, kiran likita aikin banza ne. Kirisifus, wani masanin falsafa na Girka, ya ba su amsa: ai kiran likitan ma yana cikin abin da aka ƙaddara. Haka Sayyidina Umar (RA) da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya ce daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah.

Lukasiyebic, masanin manɗiƙi ɗan Polan, ya ƙirƙiro matsayi na uku a 1920, wanda ba gaskiya ba kuma ba ƙarya ba, domin maganganun gobe. Ni dai ina ganin maganin ya fi ciwon girma.

Sai dai kar ka ɗauka an gama. Misalin allin nan ya rushe hujjar manɗiƙi ce kawai. Ko sabubba da halinka su ne ke tilasta maka zaɓin, wannan fage ne daban, kuma a can ne Mu'utazilawa da Ash'arawa, mazhabobi biyu na aƙidar Musulunci, suka yi ta fafatawa kan wane ne ke halittar aikin bawa.