Tambayi Likita: Idan Shaye-shaye Ya Haɗu Da Ciwon Ƙwaƙwalwa

Wasiƙun da suka iso ni a wannan makon kusan duk a kan magana ɗaya suka taru, wato mutumin da shaye-shaye da ciwon ƙwaƙwalwa suka haɗu a kansa lokaci guda. Na ɗauko guda biyar, na kuma sakaya sunayen masu su.

Likita, ɗana shekararsa 23, tun yana sakandare yake shan tabar wiwi. Wata uku ke nan ba ya barci, yana magana shi kaɗai, yana cewa ana bin sa za a kashe shi. Na kai shi cibiyar gyaran hali suka ce a fara duba ƙwaƙwalwarsa, na kai shi asibiti aka ce ya daina shan wiwi tukuna. Ina zan sa kaina?

Mama, sannu da ɗawainiya. Wannan kai-komon da aka sa ki yi yana ci mini rai ƙwarai, domin tsohon salon aiki ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka daɗe da gano illarsa. Yaron da yake jin ana farautarsa ba shi da natsuwar da zai ajiye wiwi, kuma muddin yana sha, maganin da aka ba shi ba zai yi aiki yadda ya kamata ba. Shi ya sa ake haɗa maganin biyun a yi su tare, a hannun ma'aikata ɗaya, ko aƙalla waɗanda suke magana da juna.

Ki sani ɗanki ba shi kaɗai ba ne. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 1990 ya nuna cewa kashi 47 cikin ɗari na masu ciwon sikizofireniya, wato ciwon da ke zuwa da jiye-jiye da gane-gane da zargin mutane, sun taɓa fama da shaye-shaye a rayuwarsu. A masu ciwon da ke kai mutum ƙololuwar zumuɗi sannan ya jefa shi cikin baƙin ciki kuwa, abin ya kai wajen kashi 60. Ita wiwi kanta tana da hannu. Binciken da aka yi a biranen Turai da Burazil, aka fitar a 2019, ya gano cewa mai shan ta kullum ya ninka wanda bai taɓa sha ba kusan sau uku wajen haɗarin taɓuwar hankali, idan kuma mai ƙarfi ce, wadda sinadarin THC mai sa maye ya yi yawa a cikinta, kusan sau biyar.

Na san tambayar da ke ranki: wiwin ce ta jawo, ko ciwon ne ya tura shi ga wiwin? A ranar farko babu likitan da zai iya rantsewa. Idan wiwin ce kaɗai, alamun sukan lafa cikin kwanaki ko makonni bayan an daina. Idan ya yi kamar wata guda ba ya sha amma suna nan, sai mu karkata ga cewa ciwon mai zaman kansa ne. Amma ba ma naɗe hannu mu jira watan ya cika. Ana fara ba shi maganin da zai kwantar da jiye-jiyen ya samu barci, ana kuma aikin raba shi da wiwin a lokaci guda.

Ki koma ki nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa kansa, ki faɗa masa duk abin da yaron ke sha ba tare da ragewa ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A gida kada a yi musu da shi kan cewa babu mai bin sa, don a wurinsa abin gaskiya ne. Ki ce masa kin ga yana cikin tsoro kuma kina tare da shi. Idan ya fara maganar kashe kansa, ko ya ɗauki makami don kare kansa, ko ya ƙi ci da sha, a kai shi sashen gaggawa a ranar.

Shekara takwas ina shan giya kullum. Da safe hannuna rawa yake sai na sha. Ba na jin daɗin komai, wani lokaci ina ganin rayuwar ba ta da amfani. Na yanke shawara daga gobe na daina gaba ɗaya.

Ɗan'uwa, niyyarka ta yi kyau, amma ina roƙonka kada ka yanke ta dare ɗaya kai kaɗai. Rawar hannun nan alama ce ta cewa jikinka ya saba. Mai irin wannan sabo idan ya tsaya kwatsam, cikin awa 6 zuwa 24 zai fara gumi da tashin zuciya da fargaba, tsakanin awa 12 zuwa 48 jijjiga na iya kama shi, a kwana na biyu zuwa na uku kuma wasu kan rikice, zazzaɓi ya rufe su, su riƙa ganin abubuwan da babu su. Wannan matakin yana kisa idan ba a asibiti ake ba. Likita zai ba ka maganin da ke sauko da jiki a hankali na 'yan kwanaki, tare da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa, bayan nan akwai magunguna irin su naltirekson da akamforoset da ke rage kwaɗayin komawa.

Baƙin cikin kuma kada ka raina shi. Giya da kanta tana danne walwala, mutane da yawa sukan ji sauƙi bayan mako biyu zuwa huɗu da dainawa. Idan bai ɗaga ba, ko dama ya riga giyar zuwa, to ciwon damuwa ne da ke buƙatar nasa maganin. Amma maganar da ka yi cewa rayuwa ba ta da amfani ita ta fi tsaya mini. Ka faɗa wa likitan ita da bakinka, ka kuma faɗa wa mutum ɗaya da ka yarda da shi a yau. Idan tunanin ya kai ga shirya yadda za ka cutar da kanka, kada ka jira wayewar gari, ka tafi asibiti.

An rubuta mini maganin ciwon damuwa, amma ina tsoron kada in fita daga tiramadol in faɗa wata ƙwayar. Ban ma faɗa wa likitan ina shan tiramadol ba.

'Yar'uwa, magungunan damuwa irin su fuloksetin da satiralin ba sa sa maye, ba sa sa kwaɗayi, ba kuma a ƙara yawansu don neman jin daɗi. Sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin aikinsu, ana kuma ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, sannan a janye su sannu a hankali. Masu kamawa su ne na kwantar da hankali irin su dayazefam, shi ya sa ba ma son ba da su na dogon lokaci.

Abin da kika ɓoye shi ne mai haɗarin. Tiramadol da waɗannan magungunan duk suna ɗaga serotonin, wani sinadari da ke isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, haɗuwarsu na iya kawo zazzaɓi da makyarkyata da rikicewa, tiramadol ɗin kuma shi kaɗai ma yana jawo jijjiga. Ki koma ki faɗa wa likitan kafin ki haɗiyi ƙwaya ta gaba.

Ƙanena ya yi wata uku a cibiyar gyaran hali saboda kodin. Mako biyu da fitowa ya koma. Tun hatsarin motar da abokinsa ya rasu a gabansa ya fara sha. Mu haƙura da shi ne?

Yaya, kada ku haƙura. Kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na masu jinyar shaye-shaye sukan koma a wani lokaci, adadin da bai yi nisa da na masu hawan jini ko asma da ciwonsu ke tashi ba, kuma babu wanda ke korar mai asma daga gida don ta tashi.

Ka lura da abin da ka rubuta da hannunka: tun hatsarin ya fara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wata ukun nan an raba shi da kwalba, amma da alama ba a taɓa abin da yake gudu ba. Ku tambaye shi cikin lumana ko yana mafarkin hatsarin, ko yana firgita da ƙarar mota, ko yana ganin laifin kansa. Wannan ciwo ne sananne da ke biyo bayan tashin hankali, ana maganinsa ta hanyar zama da masanin halayyar ɗan'adam da aka horar a kansa, kuma ba sai an jira ya shekara bai sha ba kafin a fara.

Akwai gargaɗin da nake so ka riƙe. Bayan wata uku ba ya sha, jikinsa ya manta sabon da ya yi, adadin da yake sha a da yanzu yana iya tsayar masa da numfashi, musamman idan ya haɗa da giya ko maganin barci. Idan kuka same shi ba ya farkawa, numfashinsa ya yi ƙasa, ƙwayar idonsa ta tsuke, ku kwantar da shi ta gefe ku nemi agajin gaggawa. Maganin naloksan yana farfaɗo da mai irin wannan halin cikin mintoci. Ku kuma tambayi likita game da metadon ko bufurenofin, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna tun 2005. Suna rage kwaɗayi, suna kuma rage mace-mace.

Ina shan olanzafin, maganin ciwon ƙwaƙwalwa, lafiyata ta daidaita, yanzu ina so in bar sigari. Akwai matsala?

Malam, madalla, ka bar ta. Sai dai ka sanar da likitanka kafin ranar. Hayaƙin sigari yana sa hanta ta riƙa narkar da olanzafin da makamancinsa kulozafin da sauri, idan ka daina sai maganin ya taru a jini fiye da da, ka ji barci da jiri sun yi maka yawa. Wataƙila ya rage maka adadin a makonnin farko. Cingam ko filastar nikotin ba sa yin wannan tasirin a kan hanta, don haka ko da kana amfani da su, gyaran adadin yana nan, kuma likitan ne zai yi shi, kada ka rage da kanka.