Ga ƙanena da yace burbon wuta kawai yake ji a maƙogwaro

Ƙanena sannu da aiki. Tun da safe naga tambayarka sai yanzu na samu zama. Kace ka samu aiki a wani gidan cin abinci mai mashaya anan Amurka, kwastoma suna tambayarka wace burbon, wato wiskin nan na Amurka da ake yi da masara, zaka basu shawara su sha, kai kuma sau biyu ka ɗanɗana ba abinda kaji sai wuta a maƙogwaro da hawaye a ido, shine kake tambaya wai da gaske ne masu cewa suna jin ƙamshin zuma da banila a ciki ko dai burga ce kawai. Kafin in fara, nasan da yawa cikin 'yan'uwanmu Musulmi ne kuma addini ya hana su giya, ina girmama hakan, maganar nan tsakanina da kai ce da duk wanda aiki ya haɗa shi da abin.

Ba burga bace. Shekarata takwas ina aiki bayan kantar mashaya a Louisville ta jihar Kentaki, kuma nima farkon zuwana abinda ya sameka shi ya sameni, aka zuba min na ɗaga kofi na kwankwaɗe lokaci ɗaya, ƙirjina ya ɗauki zafi. Matsalar ba harshenka bane, yadda ka sha ne. Mafi saukin burbon kashi 40 cikin ɗari na barasa ne da ita, doka bata yarda a zuba a kwalba ƙasa da haka ba, to kaga bakin da bai saba ba dole zafin ya fara danne komai. Lambar furuf da kake gani a jikin kwalba ka raba ta biyu shine ƙarfinta, furuf 90 kashi 45 kenan, Wild Turkey 101 kuwa kashi 50 da rabi. Kai da kake farawa ka tsaya tsakanin 80 zuwa 90 tukuna, masu 120 zuwa sama ka barsu sai nan gaba.

Abinda ya buɗe min ido shine ranar da muka je zagayen wani kamfanin burbon a wajen garin Bardstown dake Kentaki. Muna shiga ɗakin da manyan tankunan jiƙon hatsi suke tafasa da kansu saboda yis, warin da ya bugi hancina sak na gidan da ake dafa burukutu a unguwarmu a Jos, tsamin nan irin na gasarar da ta kwana. Nan na gane ashe abin ba baƙo bane, hatsi ne aka jiƙa ya yi tsami, bambancin kawai su masara suke sawa maimakon dawa, sannan su dafa su kamo tiririn ya koma ruwa fari tas kamar ruwan famfo. A doka dole masara ta kai kashi 51 na hatsin, sauran a cika da sha'ir da kuma alkama ko wani hatsi da suke kira rayi. Sai a zuba a sabuwar ganga ta itacen ok wadda aka ƙona cikinta da wuta, gangar na cin wajen lita 200, kuma ba'a maimaita ta, shi yasa zakaga tsofaffin gangunan ana saida su ga masu yin wiski a Sikotilan. Ba'a yarda a ƙara kala ko ɗanɗano ba, ruwa kawai. Wato jan nan da kake gani a kwalba duk daga itace ya fito. Ƙunar tana narkar da sukarin dake cikin itacen, da zafi ya zo giyar ta shige cikin katako, da sanyi ta fito, shekara da shekaru, a haka take ɗauko banila da ƙamshin ƙonannen sukari. Akwai ƙuna mai lamba 4 da ake barin wuta kusan daƙiƙa 55 har cikin gangar ya tsattsage kamar fatar kada. In ka riƙe wannan a ranka, kasan me kake nema a kofi, masara da itace da wuta.

To yanzu yadda zakayi. Ka ci abinci tukuna, amma banda mai yaji sosai, in ka ci tsire da yajin ƙuli yanzu harshenka bazai ji komai ba. Ka samu kofin gilas mai faɗin ciki da tsukakken baki, Glencairn ake ce masa, in babu kofin ruwan inabi ma yayi. Ka zuba kaɗan, abinda baifi yatsa ɗaya ba a kwance, ka ajiye shi minti biyar zuwa goma kar ka taɓa, tiririn barasar da yake fara dukan hanci zai ragu. In zaka shinshina kar ka cusa hanci ciki kamar mai shinshina turare, ka riƙe kofin ƙasa da hanci kaɗan, bakinka a ɗan buɗe, ka ja numfashi a hankali. Wannan buɗe bakin shine sirrin da mutane da yawa basu sani ba, ranar da aka nuna min shi ranar na fara jin zaƙi a ƙamshin.

Kurɓin farko kar ka yanke hukunci dashi, aikinsa ya sanar da baki cewa ga abinda ke tafe. Ka kurɓi ɗan mitsitsi, ka juya shi ko'ina a baki kamar kana tauna, marigayi Booker Noe, gwanin haɗa burbon kuma jikan Jim Beam wanda wata burbon ke ɗauke da sunansa, shi ya shahara da wannan salon har ake kiransa taunar Kentaki. Ka haɗiye ka fitar da numfashi ta hanci ka jira. A kurɓi na biyu da na uku ne abin ke fitowa. Ɗumin da zakaji yana sauka ƙirji a hankali shi ba laifi bane, suna ce masa rungumar Kentaki, daban yake da ƙunar da ta sa ka hawaye. In har yanzu zafin yayi yawa ka ɗiga ruwa, ɗigo uku huɗu da ƙaramin cokali, ka sake shinshinawa kaji yadda ta buɗe. Kar wani yace maka sa ruwa rauni ne, masu haɗa ta a kamfani ma da ruwa suke gwadawa. Ƙanƙara kuwa ba haramun bace a wajena amma sanyi yana rufe ƙamshi, lokacin koyo ka barta.

Ga inda nafi so ka saurareni. Abinda ya daɗe yana hana ni gaba shine ina ƙoƙarin jin abubuwan da Turawa suke faɗa, wani yace yana jin ruwan zaƙin itacen mapul wani yace kek ɗin kakarsa na lokacin Kirsimeti, ni ban tashi da waɗannan ba, ta ina hancina zai gane su? Sai wata rana ina shinshina wata kwalba kawai naji mazarƙwaila, irin wadda muke saya muna yara, har da ɗan ƙaurin nan nata na ƙasan tukunya. Daga ranar na daina aron hancin wasu. Abinda suke kira karamel ni mazarƙwaila ce da alawar madara. Yajin da rayi ke bayarwa ni kanumfari nake ji da masoro da kirfa, kamar an sa kayan ƙamshi a kunun zaƙi. Jim Beam tana da wani ƙamshi na soyayyiyar gyaɗa wanda duk wanda ya taɓa zama kusa da mai suyar ƙuli zai gane nan take. Wadda ta daɗe sosai a ganga kuma tana da bauri a ƙarshe irin na goro, yana busar da baki. Ka samu ƙaramin littafi ka dinga rubuta abinda kaji da Hausarka, ko kalma biyu ce, daga baya ka nemo yadda zaka faɗawa kwastoma da Turanci. In zaka iya ka shiga kicin ka shinshina kirfa da kanumfari da dabino da zuma ɗaya bayan ɗaya kafin ka zauna, hanci yana buƙatar tuni.

Kuma kar ka dinga gwada ɗaya ita kaɗai, biyu zaka jera. Ka ɗauki Maker's Mark mai jan kakin nan a wuya, ita alkama aka sa mata maimakon rayi shi yasa take da laushi da zaƙi, ka jera ta da Bulleit mai rayi da yawa, dukansu furuf 90 ne, kaga bambancin da zakaji ba na ƙarfi bane na hatsi ne. Ni a nan na fara yarda da harshena. Bayan sati ɗaya ko biyu ka ƙara Buffalo Trace ko Woodford Reserve a tsakiya.

Rubutun kwalba ma ka iya karanta shi don zasu tambayeka. In kaga straight, ta yi aƙalla shekara 2 a ganga, in bata kai 4 ba dole su rubuta shekarunta. In kaga Bottled in Bond, wannan doka ce tun 1897, kamfani ɗaya ya dafa ta a zango ɗaya na shekara, aƙalla shekara 4, furuf 100 cif, Evan Williams mai farin tambari irinta ce kuma bata da tsada ko kaɗan. Jack Daniel's kuwa kwastoma zasu yi ta kiranta burbon, amma masu ita wiskin Tenesi suke ce mata, ana tace ta ta cikin gawayi kafin ta shiga ganga. Masu neman Pappy Van Winkle da kuɗi masu yawa ka barsu da abinsu, tsada da yawan shekaru ba sune daɗi ba, ni na sha mai shekara 6 da ta fi min mai 15 saboda baurin itace ya cinye ta biyun.

Sai abu ɗaya da bazan ɓoye maka ba don na ga abokan aiki da wannan sana'ar ta cinye. Ɗanɗano daban shaye-shaye daban. Awo ɗaya anan mililita 44 ne, in zaka gwada kala biyu rabin awo na kowacce ya isheka, da kofin ruwa a gefe, ba kullum ba, kuma ba ranar da zaka tuƙa mota ba. In kamfani ya kawo muku kala biyar shida ku gwada a wajen aiki, ka juya a baki ka tofar, ba wanda zai ga laifinka, haka masu sana'ar sukeyi.

Kafin harshenka ya nuna, in kwastoma ya tambayeka kawai kace masa mai zaƙi da laushi kake so ko mai yaji, in yace zaƙi ka miƙa masa mai alkama, in yace yaji ka bashi mai rayi. Ka gwada jerin nan na kala biyu ranar hutunka ka dawo ka faɗa min me hancinka ya fara kamawa, ina so inji ko kaima mazarƙwailar zakaji.