Azumin da ya wuce kakarmu a shekarun gigin tsufa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Jega nake. Kakarmu da ta rene mu ta rasu watan jiya, ta haura shekara 90. Azumi biyar na ƙarshe ba ta yi ba: biyu don rashin ƙarfi, ukun ƙarshe kuwa ko gane mu ba ta yi, takan kira ni da sunan mahaifiyata marigayiya. Kawu ya ce mu raba kwanakin mu rama mata. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya saka miki da jinyar da kika yi.

'Yata, amsarki tana cikin maganar nan taki cewa da sunan mahaifiyarki take kiranki. Wanda gigin tsufa ya kai shi nan an ɗauke masa alƙalami. Shekaru ukun nan babu ramuwa, babu ciyarwa, sallolinsu ma haka. 

Biyun farko, da hankalinta, jiki ne ya gaza. A littafinsa Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo cewa Anas ɗan Malik da ya tsufa ciyarwa yake yi, sannan Malik ya ce shi ba ya ganin hakan wajibi, ya dai fi so a yi. Mudun Annabi (SAW) ɗaya kowace rana, ba mudun kasuwa ba. In kuna da hali ku auna shinkafa ko gero na kwana 60 ku bai wa mabuƙata, ladan ya je mata.

Sai maganar kawu. Na san hadisin Nana A'isha ya ji, cewa wanda ya mutu da azumi a kansa waliyyinsa ya yi masa. Hadisin ingantacce ne, amma a duba lafazinsa: "a kansa". Wato wanda ya sha azumi, ya sami damar ramawa, bai rama ba har ajali ya riske shi. Yaushe Inna ta sami wannan damar? Tsufa ba ciwon da ake warkewa ba ne balle a ce ta yi sakaci. Imamu Ahmad ma a kan azumin bakance ya taƙaita hadisin, mu kuma a mazhabarmu ta Malikiyya maganar Abdullahi ɗan Umar muka riƙe, cewa wani ba ya yi wa wani azumi ko salla. Ko ta wace hanya aka bi, ba a binta bashin ramuwa. Ki faɗa wa kawu da ladabi, son uwarsa ne ya sa shi faɗa.

Ga abin da ba ki tambaya ba. Kada a taɓa awakinta ko 'yan kunnenta da sunan sadaka kafin a biya bashinta a raba gado. Ku bincika adashi da ajiyar mutane, tsofaffi irinta akan ba su ajiya a ƙarƙashin gado ba wanda ya sani. Ke kuma jika ce ta wajen 'ya mace, ba ki da kaso, kada ranki ya ɓaci. In ta yi miki wasiyya, a zartar cikin sulusi.

Kina neman abin yi mata? Sa'adu ɗan Ubada da uwarsa ta rasu gonarsa ya bayar sadaka a madadinta. In ƙawarta ɗaya ta rage a unguwa, ki riƙa leƙa ta da ɗan goro da sabulu.

Wallahu a'alam.