Filin Tambaya da Amsa: Kuɗina Kaɗan Ne, Wace Jita Zan Saya?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da wannan mako. Saƙonni uku na ware yau kuma duk a kan sayen jita ne, ta farkon zan ɗan daɗe a kanta don abin da zan faɗa masa zai amfani sauran biyun ma.

TAMBAYA: Salam Yaya, ni ɗalibi ne a Zariya, na daɗe ina son koyon jita, na yi ta tari da ɗan aikin POS da nake yi lokacin hutu har na haɗa dubu 90. Na ga wata a intanet an ce Yamaha ce sabuwa dal a kwali dubu 45, sai kuma wani abokin yayana yana da ta hannu, ita ma Yamaha F310, ya ce in kawo dubu 70 amma duk ta kwarzane a jiki. Don Allah wacce zan ɗauka?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya sa wa tarinka albarka. Mu fara da ta dubu 45 ɗin nan. Jita ba a nan ake ƙera ta ba, shigo da ita ake yi, saboda haka farashinta dala yake bi, kuma ka san tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta wuce 1,500 a 2024. In ka yi lissafi da wannan canjin dubu 45 ɗinka wajen dala 30 ce, ita kuwa F310 sabuwa ko a ƙasashen waje ta haura dala 100 tun kafin a saka kuɗin jirgi da kwastan da ribar mai shago. To ta ina mutum zai sayar da ita dala 30 ya ci riba? Suna kawai aka manna mata a kai. Wannan lissafin ka riƙe shi don ko wace jita ce, ka duba farashinta a shagunan waje da ke intanet kamar Thomann na Jamus ko Sweetwater na Amurka, ka buga da canjin ranar, in wanda ake ce maka ya yi ƙasa da haka sosai kuma ana rantsuwa sabuwa ce, ka ja baya.

Ba wai ina cewa duk jitar da ba ta da babban suna shara ce ba fa, akwai 'yan Chaina marasa suna da suke da daɗin hannu, na taɓa su da yawa. Abin da ba na so shi ne ka biya kuɗin suna alhali ba sunan ka saya ba, kuma ka tura kuɗi kan abin da hannunka bai taɓa ba.

Ni ta abokin yayanka ta fi kwanta min, amma sai ka je da kanka ka duba ta, kuma kwarzanen jiki kada ya dame ka ko kaɗan, fenti ba ya fitar da sauti. Abin da za ka fara dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin tsirkiya da wuyan jitar. Ka ga waɗannan ƙananan ƙarafan da aka jera a wuya, firet ake ce musu, ka ƙirga daga sama har na 12, galibi akwai ɗigo biyu a wurin. Ka tafi da katin ATM guda huɗu ko biyar, naka da na abokai, kowane kati kaurinsa milimita 0.76 ne, sai ka haɗa uku ka zura tsakanin ƙarfe na 12 da tsirkiya mai kaurin nan ta sama. In uku sun shiga cif-cif to madalla, wajen milimita 2.3 ke nan, haka ake so. In huɗu sun shiga da sauƙi ta ɗan yi sama amma mai gyara zai iya sauke ta. In har biyar suna shiga suna wasa, wannan jitar za ta cinye maka yatsu, cikin sati biyu za ka jingine ta a bayan ƙofa ka ce jita ba taka ba ce, alhali ba laifinka ba ne.

Abin da ya same ni ke nan da jitata ta farko. Ja ce mai ƙyalli, a wani shago na gan ta a rataye fitila na haska ta, ban ma tsaya dogon tayi ba na biya. Da na zo gida ko danna tsirkiya ɗaya sai na cije baki, kan yatsuna ya yi jawur har ya fara tsagewa, na ɗauka haka koyo yake ga kowa. Sai ranar da na riƙe ta wani dattijo mai kiɗa a gidan biki, na ji yatsana ya sauka kamar a kan auduga, a ranar na gane wata shida na yi ina kokawa da katako. Har yau in na tuna watannin nan sai raina ya sosu, shi ya sa nake nanata maganar nan ga duk mai farawa.

Bayan tazara sai wuya. Ka ɗaga jitar ka saiti idonka daga kanta zuwa ƙasa kamar yadda kafinta yake duba katako, ka ga ko wuyan ya miƙe. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba ba matsala ba ne, akwai wani dogon ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa da alanki ya daidaita shi, amma in wuyan ya murɗe ne, gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, wannan ba ya gyaruwa da kuɗin ɗalibi, ka bar musu kayansu. Sai jaki, wato katakon nan da ke manne a fuskar jitar inda tsirkiyoyi suke ɗaure, kamar dai jakin gurmi ko na goge. Ka samu takarda ka gwada zura ta a ƙarƙashinsa ta baya, in ta shige to gam ya fara saki. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan wurin nan da nauyin da ya kai wajen kilo 70 dare da rana, jakin da ya fara ɗagawa ba zai koma da kansa ba.

Daga nan ka sauke manhajar saiti a wayarka, irin su GuitarTuna kyauta ne, ka saita tsirkiyoyin shida, E A D G B E daga mai kauri zuwa siririya. Ka kaɗa kowace a sake, sannan ka danne ta a firet na 12 ka sake kaɗawa, dole manhajar ta nuna maka harafi ɗaya a duka biyun. In ta kauce da yawa, ko ka iya kiɗa sautin ba zai taɓa zama daidai ba. Ka bi firet ɗin ɗaya bayan ɗaya ka saurara ko akwai inda take zizar nan kamar ƙuda a kwalba, ka murɗa maɓallan saitin da ke kanta ka ji ko akwai wanda yake sulɓewa, ka leƙa cikin ramin ka ga takardar kamfani da lambarta. Duk wannan bai fi minti 15 ba, kuma mai kayan kirki ba zai hana ka ba.

In ta tsallake, ka taya dubu 55, zai ce albarka, ku daidaita a wajen 60 zuwa 65. Kada ka zuba dubu 90 ɗin nan duka a jita, canjin yana da aiki: sababbin tsirkiyoyi, jaka, 'yar robar kaɗawa da ake ce wa fik, da ɗan abin da za ka ba mai gyara ya daidaita maka ita. Tsirkiya ka nemi marar kauri, lamba 10 ko 11, ta fi tausayin yatsun mai koyo, kuma a nan ma akwai jabu musamman masu sunan D'Addario, in ta yi arha fiye da kima za ka ga ta yi tsatsa cikin kwanaki.

Akwai wani abu da ba kasafai masu bayani a YouTube suke faɗa ba don yanayinsu ba irin namu ba ne. Za ka ji suna ta yabon jitar da fuskarta katako ɗaya ne zalla, irin su Yamaha FG800, suna raina wadda aka yi da katako mai hawa-hawa kamar filawud. Gaskiya ne mai katako zalla ta fi zaƙin sauti, amma masu ƙera jita suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa da hunturu iskar Zariya da Kano bushewa take yi har leɓe ya tsage, sannan damina ta zo komai ya jiƙe. Katako zalla shi ya fi saurin tsagewa a wannan hawa da saukar, mai hawa-hawan kuwa irin F310 ta fi juriya, ka ga a nan mai arhar ma ta fi dacewa da mu. Duk da haka in sanyi ya shigo ka jiƙa soso ka matse shi sosai, ka saka a leda ko robar sabulu da ka huda wa ƙofofi, ka ajiye a cikin jakar jitar ka zuge, kada ruwa ya taɓa katakon. Kuma kada ka bar ta a but ɗin mota ko a ɗakin kwano da rana tsaka a watan Afrilu, zafi yana narkar da gam.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. 'Yata shekararta 9, a makarantarsu a Kaduna suna darasin kiɗa kuma ta nace sai an saya mata jita. Babanta ya ce a sayi babba gaba ɗaya don kada a yi saye biyu. Mene ne shawararka?

AMSA: Hajiya barka kadai, a gaida maigida. Na fahimci lissafinsa, amma jita ba kamar yunifom ba ce da za a ɗinka da girma a naɗe hannu, in ta fi ƙarfin yarinya ba za ta iya rungumar ta ba balle yatsunta su kai. Ku nemi wadda ake ce wa uku bisa huɗu, kuma mai tsirkiyar roba wato nailan, ita ce ba ta cin yatsa. Yamaha suna da CS40 a wannan girman, babbar yayarta ita ce C40, sai dai wuyan C40 faɗinsa milimita 52 ne, ya yi wa hannun 'yar shekara 9 yawa. Ta hannu ma ta wadatar tunda nan da shekara biyu ko uku za ta wuce ta, ku sayar ku cika ku sayi babba. Gwajin katin ATM ɗin da na faɗa a sama, a irin wannan jitar ta nailan kati huɗu zuwa biyar daidai ne, haka ake yin su. Roƙona ɗaya, in tsirkiya ta tsinke kada a bari wani ya saka mata ta ƙarfe, ba a gina ta don wannan nauyin ba, jakin zai ɓalle.

TAMBAYA: Ina gaisuwa Malam, daga Maraɗi nake. Ni kiɗan Agadas nake so in koya, irin na lantarki, ina da jaka 150 na sefa. Zai isa? Kuma ni bahago ne.

AMSA: Ina amsawa ɗan'uwa, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Kai lissafinka ya fi na 'yan Najeriya sauƙi don sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, ke nan jaka 150 ɗinka, wato sefa dubu 150, wajen yuro 228 ce. Matsalar ita ce jitar lantarki ba ta tafiya ita kaɗai, sai da amfilifaya da waya, saboda haka kuɗin nan gida biyu za ka raba shi, kuma sabuwa mai suna za ta lashe kusan duka ta bar ka ba abin da za ka jona. Ka nemi ta hannu, Squier ko Yamaha Pacifica ko Cort, ka ware mata kamar jaka 100. Squier na kamfanin Fender ne, ka nemi ƙirar Stratocaster ɗin nan da ta fito tun 1954, mai siraran maganaɗisu uku masu ɗaukar sauti a ciki, kuma wannan ƙirar ce take ba da siririn sautin nan mai kaifi da kake ji a kiɗan Abzinawa. Duk gwajin da na ba ɗalibin Zariya ka yi shi, sai dai a nan kati biyu zuwa uku ake so, sannan lallai a jona ta a gabanka, ka murɗa kowane maɓalli, ka girgiza wayar a bakin ramin da take shiga ka ji ko tana ƙarar-ƙarar.

Amfilifaya mai wat 10 ta ishe ka a ɗaki. Amma ka duba bayanta da kyau kafin ka saka a soket, kayan da aka kwaso daga Amurka na wuta 110 zuwa 120 ne, mu kuwa Nijar da Najeriya 220 zuwa 230 muke, kana jonawa za ka ji ƙauri, shi ke nan kuɗi sun tafi. In wuta tana muku wasa akwai ƙanana masu aiki da batir shida irin na rediyo, kamar Roland Micro Cube da Blackstar Fly 3, har gona za ka iya zuwa da su.

Maganar bahagonci kuma kada ta karya maka gwiwa, Mdou Moctar ɗan ƙasarku da yake zagaya duniya da jita bahago ne, kuma ta farkonsa da hannunsa ya haɗa ta da katako da wayar burkin keke. Jitar bahago tana da wuyar samu a kasuwanninmu, in an samu ma ta fi tsada. Tunda ba ka fara koyo ba tukuna, ka ari ta dama wajen wani ka gwada ta sati biyu, bahagwai da yawa da ita suke kiɗa lafiya lau. In ka ji sam hannunka ya ƙi, ka sayi ta daman ka kai wa mai gyara ya juya tsirkiyoyin, amma ka ce masa ya canza ɗan farin abin nan mai tsaga shida da ke saman wuya, don tsagar siririyar tsirkiya ba za ta ɗauki mai kaurin ba, sannan ya sake daidaita jakin. Ka ware wa wannan aikin nasa kuɗin tun kafin ka fara tayi.

Mai tambaya kan tsirkiyar da take yawan tsinkewa a wuri ɗaya, saƙonka ya iso, ka turo min hoton daidai inda take tsinkewar, da shi za mu fara mako mai zuwa in Allah ya kai mu.