Ɗana Yana Son Injiniyanci ko Kimiyyar Kwamfuta: Wace Makaranta Ta Dace da Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, asalina Katsina, amma a Legas aka haifi 'ya'yana duka. Babban ɗana zai rubuta JAMB bana, yana ce mini ko dai injiniya ko kwamfuta yake so ya karanta. Abokan kasuwancina suna cewa in kai shi duk jami'ar da ta fi suna, mahaifiyarsa kuma ba ta son ya yi nisa. Malam, ta yaya za mu zaɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya yaran, ya yi musu albarka. Kafin a kai ga maganar makaranta, akwai abin da ya kamata ku zauna da yaron ku warware, domin wannan "ko injiniya ko kwamfuta" da yake faɗa ta haɗa hanyoyi biyu da suka rabu tun daga tushe. Kimiyyar kwamfuta karatun lissafi ne da tsara manhaja da sarrafa bayanai, kuma shekara 4 ake yi a yawancin jami'o'i, sai dai a jami'o'in fasaha na tarayya irin na Minna da Akure, inda ake yin shekara 5. Injiniyanci, ko na lantarki ne ko na injuna ko na gine-gine ko na kwamfutar kanta, shekara 5 ne, kuma da yawa daga cikinsa a ɗakin gwaje-gwaje da gaban injin ake koyonsa. Ku lura da yaron. Idan shi ne mai kwance fanka da caja ya baza su a tsakar ɗaki don ya ga abin da ke ciki, to hannunsa ya riga ya nuna inda ya karkata. Idan kuwa zai iya shafe sa'a uku a kan lissafi guda bai gaji ba, kimiyyar kwamfuta za ta karɓe shi. Ko wanne ya ɗauka, lissafi da fiziks ba makawa a JAMB tare da Turanci, kuma mafi yawan sassan injiniyanci suna neman kemistiri a matsayin darasi na huɗu.

Game da shawarar abokan kasuwancinka, ina ganin sun kama gefe ɗaya ne kawai. Jami'a ce ke da suna, amma sashe ne ke koyar da ɗalibi, kuma sau da yawa za ka tarar da makaranta ta shahara a fannin shari'a ko likitanci alhali sashen injiniyancinta yana fama da kayan aikin da suka girmi ɗaliban. Saboda haka abu na farko da za ku bincika shi ne ko kwas ɗin da yake so yana da cikakkiyar amincewar Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, domin kwas-kwas take bi tana tantancewa, ba makaranta ɗungurungum ba. Idan injiniyanci ne, akwai tantancewa ta biyu daga COREN, majalisar da aka kafa a 1970 don yi wa injiniyoyi rajista, kuma wanda ya kammala a sashen da ba ta amince da shi ba zai sha wahala ranar da ya nemi rajistar da za ta ba shi damar sa hannu a kan aiki. Kwalejojin kimiyya da fasaha kuwa hukumar NBTE da ke Kaduna ce ke duba su.

Bayan takarda, sai ganin ido. Jami'ar Legas da ke Akoka, wadda aka kafa a 1962, ba ta yi muku nisa ba, tun da jirgin ƙasa na jan layi yana tashi daga Agege ya sauke mutum a Yaba. Ku je ranar aiki, ku tsaya a bakin sashen, ku tambayi ɗalibin aji huɗu, ba na aji ɗaya ba wanda har yanzu ɗokin shiga bai sake shi ba: mutum nawa ne ke taruwa a kan na'ura guda lokacin gwaji, ana kunna janareto idan an ɗauke wuta, kuma a ina 'yan ajinsu suka yi SIWES, wato horon sanin makamar aiki na wata 6 da ɗaliban injiniyanci ke fita yi a shekara ta huɗu? Na taɓa karɓar wani ɗalibi a wurin aikinmu, makinsa kamar a sa a firam, amma da na miƙa masa mita ya auna wutar wani allo sai ya juya ta a hannu yana neman inda ake kunnawa. Ba laifinsa ba ne, a hoto kawai ya taɓa ganinta. A nan ne zaman Legas yake da riba, domin masana'antun Ikeja da Apapa da matatar Dangote ta Lekki duk suna kusa, kamfanonin manhaja kuma sun yi dandazo a Yaba, 'yan mintuna daga ƙofar jami'ar.

Akwai wani abu da mutanenmu mazauna kudu suke yawan mantawa da shi. Jami'o'in tarayya suna raba gurabensu kashi uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka ayyana cewa suna baya a ilimin boko, kuma da jihar asali ake wannan lissafi, ba da inda aka haifi yaro ba. Ɗanka ba ya cikin kason jihohin Yarbawa shida na Jami'ar Legas, amma Katsina tana cikin jerin kashi 20 ɗin, don haka ku nemo takardar shaidar ƙaramar hukumarku tun yanzu, kada sai an fara tantancewa a shiga neman wanda zai hau mota zuwa gida. Ku sani kuma Jami'ar Legas tana son a sa ta zaɓi na farko, tana son kiredit biyar a zama ɗaya, kuma maki 200 da take nema a JAMB izinin shiga jarrabawar tantancewarta ne kawai. Gurbin kwamfuta ko lantarki yana bukatar abin da ya zarce haka nesa ba kusa ba.

Idan makin bai kai ba, Legas ba ta ƙare a Akoka ba. Jami'ar Jihar Legas tana Ojo, sai dai tsangayar injiniyancinta a Epe take, kuma daga Agege zuwa Epe ba tafiyar je-ka-ka-dawo kullum ba ce, dole a sa kuɗin haya a lissafi. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar a Ikorodu, wadda a 2022 aka ɗaga ta daga matsayin kwaleji. Akwai kuma Kwalejin Fasaha ta Yaba, mai tarihi tun 1947, inda yaro zai yi difloma ta shekara 2, sannan ya zarce babbar difloma ko ya nemi shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Ni ba na raina wannan hanya ko kaɗan ga mai son aikin hannu.

Maganar Hajiya kuwa a saurare ta, amma a auna. Zariya da Kano ba baƙon wuri ba ne ga ɗan Katsina, Jami'ar Ahmadu Bello tana daga cikin tsofaffin wuraren koyon injiniyanci a ƙasar nan, kuma a can yana cikin kason jihohin kewaye, ga haya da abinci sun fi sauƙi fiye da Akoka ko Bariga. Abin da zai rasa shi ne kusanci da kamfanoni, kuma ana iya cike wannan idan ya dawo gida Legas ya yi SIWES ɗinsa. Jami'o'in kuɗi sun fi tsayayyen jadawali, domin yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya cinye wata 8 a jami'o'in gwamnati, sai dai kada ka shiga sai ka lissafa kuɗin shekara 5 cif, da kwamfutar tafi-da-gidanka, da ƙarin da ake yi kusan kowace shekara, tare da tuna cewa bashin karatu na NELFUND ɗaliban makarantun gwamnati ake ba. Idan kun rage zaɓin zuwa makarantu biyu ko uku, ka aiko mini da sunayensu tare da sakamakonsa na lissafi da fiziks na aji biyar da aji shida, sai mu duba wadda za a sa a farko.