Zan ba da tsohuwar wayata tsaraba, goge hotuna ya wadatar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Makka ce, a unguwar Misfala. Na yi sabuwar waya, ina so in ba wata 'yar garinmu da ta zo Umara tsohuwar ta kai wa ɗan yayata a Kano. A cikinta akwai hotunan bikin 'yata, taron mata zalla, ba wadda ta yafa mayafi. Maigida ya ce in goge kawai in miƙa, amma a gurup ɗinmu na WhatsApp ana ta cewa masu gyara suna dawo da duk abin da aka goge. Sannan layin da ke ciki da iƙamata, wato katin izinin zamana a Saudiyya, aka yanke shi, maƙwabciyata ta ce in bar mata tunda na yi sabo. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa a kashe lafiya. Maigida ya faɗi rabin gaskiya, matan gurup ma sun faɗi rabi. Amma layin nan da kika saƙala a ƙarshen wasiƙa kamar abin da bai taka kara ya karya ba, shi ya fi tayar mini da hankali. Bari mu sallami hotunan tukuna.

Idan kika danna goge a kan hoto, ba ya fita daga wayar nan take. Kwandon shara yake komawa, ya yi zamansa kwana 30 a iPhone da wayoyin Samsung, duk wanda ya san hanya ya dawo da shi da yatsa ɗaya, ba sai mai gyara ba. Ko an zazzage kwandon, a tsofaffin wayoyi abin da ke faruwa kamar mai gidan haya ne ya soke sunan ɗan haya daga littafi, alhali kayansa na nan jibge a ɗaki har ranar da wani zai tare. Wayar ta rubuta cewa gurbin ya zama fili, amma hoton yana kwance sai sabon abu ya hau kansa. A wannan tsakanin ne manhajojin dawo da bayanai ke yin aikinsu. Daga nan maganar matan gurup ta samo asali, kuma ba su yi ƙarya ba.

Na yi shekaru ina gyaran waya a wani shago kusa da titin Falasɗinu a Jidda, kafin a keɓe wa 'yan ƙasa wannan sana'a a 2016. Wata rana wani bawan Allah ya kawo wayar hannu da ya saya, sifika ba ta magana. Ina ɓalle murfin baya sai ga ɗan katin memori, bai kai farcen babban yatsa ba, maƙale a raminsa. Shi bai san da shi ba. Muka duba, walimar wasu mutane ce cike fal, daga amarya har tsofaffin gida, ba wanda muka sani a ciki. Mai wayar na farko ya yi mata fomat tsaf, ya manta da katin. A gabansa na sa filaya na raba shi biyu. Saboda haka kafin komai, ki zaro tiren da ake sa layi ki duba. Idan akwai memori, ki cire ki ajiye a gida, domin yawanci ba a kulle abin da ke kansa, kowace kwamfuta tana karanta shi.

Cikin wayar kuwa zamani ya canza. Wayoyin yanzu ba sa ajiye hoto a matsayin hoto, suna dagula shi ne ya koma tarkacen lambobi, sai da wani mabuɗi na sirri da ke cikin wayar ake warware shi. iPhone tana da wannan tun 2009, kuma tun daga Android 10 da ta fito a 2019 aka wajabta shi a kan sabbin wayoyin Android. Idan kika shiga saiti kika zaɓi mayar da waya yadda ta fito daga kamfani, wanda muke kira fomat, mabuɗin ne ake halakawa. Tarkacen da ya rage ba ya karantuwa, ko mai gyara ya kwana a kai. To nan ne gaskiyar Maigida take, sai dai goge ɗaya bayan ɗaya ba ya isa, fomat ake yi. Idan wayar ta girmi wannan zamani, ki yi fomat, ki jingina ta tana ɗaukar bidiyon bango har ta ce ta cika, ki sake yin fomat. Bango ya hau kan biki ke nan.

Sai dai kada ki yi gaggawa. Ki tabbatar hotunan sun sauka a sabuwar wayar, ki buɗe su ki gani da idonki, WhatsApp ma ya koma can da hirarrakinsa. Sannan ki fitar da asusunki na Google daga tsohuwar, ko na Apple idan iPhone ce. Akwai dalili biyu. Apple tun 2013, Google kuma tun 2015, sun sa wani kulle saboda ɓarayi: wayar da aka yi wa fomat ba tare da mai ita ya fita daga asusunsa ba tana iya tsayawa ta ce sai an kawo imel da lambar sirrin mai ita na farko. Sai yaro ya karɓi tsarabarsa yana murna, ya kunna, ta ƙi wucewa. Ya kira ki, ke kuma ba ki san lambar ba don wani yaron shago ne ya buɗe miki imel ɗin shekarun baya. Ƙarshenta a kwashi waya a nufi kasuwar Farm Centre, a biya kuɗin da ba a shirya ba. Dalili na biyu ya fi muni, kuma shi ne hanyar da hotunan mata suka fi fita. Wasu ba sa yin fomat ɗin ma, su goge abin da ido ya gani su miƙa, asusu na nan a buɗe. Duk sabon hoton da kika ɗauka a Makka da sabuwar waya zai hau ma'ajiyar intanet, ya sauko a tsohuwar da ke Kano. Babu mai gyara a wannan lamari, babu ɗan kutse, ƙofa ce aka bari a buɗe.

Yanzu layin. A gida mun saba da aron layi kamar aron tabarma, amma a ƙasar nan shariha, wato layin waya, ba ƙaramin abu ba ce. A 2016 aka kafa ƙa'idar cewa ba a yanka layi sai da basma, wato an ɗaure lambar da yatsanki da iƙamarki. Ki tsaya ki ƙirga abubuwan da ke rataye da ita. Idan za ki shiga Absher, manhajar gwamnati da ake harkar iƙama da sauran takardu a cikinta, ina ake turo lambar tabbatarwa? Idan za a cire kuɗi ko a tura daga asusunki na banki fa? WhatsApp ɗinki da wace lamba aka buɗe shi? Shi lambobi 6 kawai yake turowa ta saƙo, duk wanda layin ke hannunsa ya shigar da su ya zama ke a idon 'yan'uwanki, ya tura musu cewa kina asibiti a taimaka da riyal 500. Mai riƙe da layinki yana riƙe da makullan gidanki ne, ko da bai san ƙofofin ba tukuna.

Ban ce maƙwabciyarki macuciya ba ce, Allah ya kiyaye. Amma layi ba ya zama a hannu ɗaya. Yau yana wayarta, gobe ɗanta ya ara, jibi abokin ɗan ya ce bari ya yi kira ɗaya, wata rana wayar ta faɗi a tasi. Idan aka yi damfara da wannan lamba, hukuma ba ta san maƙwabciya ba, sunan da ke rajista za ta bi. Dokar laifuffukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗauri har shekara 3 ko tara har riyal miliyan 2, ko duka biyun, ga wanda ya ci kuɗin mutane ta hanyar yaudara. Wataƙila daga baya a gano ba ki da hannu, amma kafin nan ke za ki yi ta safa da marwa tsakanin ofis da ofis, ga sabunta iƙama na jiran ki.

Hanyar da ta dace ba ta da wuya. Da farko ki kwance duk abin da ke ɗaure da tsohuwar lamba: ki canza ta a Absher, ki canza a banki, ki shiga saitin WhatsApp inda aka rubuta canza lamba, ki gyara ta a asusun Google. Ki ba shi 'yan kwanaki ki ga ko akwai saƙon da ke shigowa daga wani wurin da kika manta. Bayan haka ku tafi tare da ita ofishin kamfanin layin, STC ne ko Mobily ko Zain, a mayar da mallakar lambar zuwa sunanta. Ta samu layin da take so, ke kuma kin sauke nauyi. Na san kunya, maƙwabci ɗan'uwa ne, balle a ƙasar da ba taka ba. Ki ɗora wa doka laifin, ki ce haka aka ce a yi. Idan kuma ta ce ba za a iya sa sunanta ba, to dalilin da ya hana shi ne zai dawo kanki ranar da abu ya ɓaci. Gara ki rufe layin, ki taimake ta ta wata hanyar.

Kada kuma ki jefa shi a durowa ki ce ai ya mutu da kansa. Layin da aka daina sa wa kuɗi kamfani yana karɓe shi, bayan wani lokaci ya sayar wa wani. Idan ba ki kwance banki da Absher daga kai ba, saƙonninki za su riƙa sauka a wayar baƙon da ba ki taɓa gani ba. Tunda ana maganar, hukumar sadarwa ta ƙasar nan tana da wata hidima mai suna Arqami, inda za ki sa lambar iƙama ki ga duk layukan da aka yanka da sunanki. Ki duba naki, Maigida ma ya duba nasa. Na sha ganin wanda ya rantse layi ɗaya gare shi, ya buɗe ya tarar da uku.

Wani abu a gefe, tunda gurup ɗin naku na da yawan labari. Idan wani ya kira ya ce daga banki yake ko daga Absher, za a rufe katinki sai kin karanto masa lambar da aka turo, ko kin buɗe Nafath, manhajar gwamnati mai tabbatar da cewa ke ce ke shiga, kin danna lambar da zai faɗa miki, ki kashe wayar. Buƙatar Nafath da ba ke kika nema ba, wani ne ke ƙoƙarin shiga da sunanki. Saƙon damfara kuwa ana tura shi zuwa 330330. Wannan ya fi cancanta a yaɗa a gurup fiye da labarin masu gyara.

Ranar da za ki miƙa wayar, ki kunna ta sau ɗaya bayan fomat ki ga ta tsaya a shafin zaɓen harshe ba ta tambayi imel ɗin kowa ba. Ki ce wa mai kai saƙon ta sa ta a jakar hannu, kada ta cusa ta a akwatin dabino da za a auna, saboda batir. Sannan ki ɓalle kwanson baya ki leƙa. Iyayenmu mata suna son wurin nan ƙwarai, a nan nake samun hoton iƙama, da katin banki, da 'yar takarda a ninke ɗauke da lambar sirri an rubuta da biro.