Faya-fayan fulofi na marigayi mahaifinmu: za a iya ceto rubutun da ke ciki?

Tambaya: Malam, muna gyara ɗakin marigayi mahaifinmu muka tarar da kwali cike da faya-fayan fulofi, waɗanda ya adana rubuce-rubucensa a kai tun shekarun 1990. Kwamfutata ba ta da ramin da ake sa su. Ko akwai sauran fata?

Amsa: Allah ya jiƙansa, Malama. Fata akwai, amma ki bi a hankali. Faifan da ya shekara 30 a kwali, karatunsa na farko yana iya zama na ƙarshe.

Cikin robar nan akwai wani siririn faifai da aka shafe da sinadarin maganaɗisu, kuma kan na'urar karatu, wato ɓangarenta da ke karanta faifan, gogarsa yake yi kai tsaye. Idan danshi ya taɓa shiga, fumfuna kan fito. Ki zame ƙarfen da ke bakin faifan gefe, ki duba a haske kina juya cibiyarsa da yatsa. Wanda kika ga farin tabo a jikinsa, ki ware shi. Fumfunar kan manne wa kan na'urar, sai ya karce duk faifan da aka sa bayansa, har da lafiyayye.

A kusurwar kowane faifai mai inci 3.5 akwai ɗan makulli. Ki tura shi har ki hango haske ta ramin, don kada kwamfuta ta rubuta komai a kai.

Na'urar fulofi mai USB tana karanta faifan 1.44MB na yau da kullum. Amma in da tsohuwar kwamfutar Macintosh baba ya yi aiki, mai faifan 800KB, ba za ta gane shi ba. Nan ne aka fi yin asara: Windows sai ta ce faifan yana buƙatar fomat, wato a share shi a sake tsara shi, mutum ya danna "to". Kada ki kuskura. Irin wannan sai an haɗa da Greaseweazle ko KryoFlux, ƙananan na'urori masu ɗauko alamun maganaɗisun yadda suke. Ko da wacce kika yi aiki, shawarata ki fara kwafe duk abin da ke cikin faifan ɗungurungum a matsayin fayil guda, ki mayar da na ainihin kwali, sai ki riƙa bincike a kan kwafin.

Fitar da fayil ma rabin aiki ne, domin sai an sami abin da zai buɗe shi. BBC ta tattara bayanan Birtaniya a faifan leza a 1986, zuwa 2002 da ƙyar ake samun na'urar da za ta karanta su, alhali littafin Domesday na 1086, kundin ƙididdigar filayen Ingila da suka kwaikwaya, yana nan ana karantawa. In da tsohuwar manhajar rubutu ta WordPerfect baba ya yi rubutu, manhajar LibreOffice kan buɗe. In ya ƙi, DOSBox, mai kwaikwayon tsohuwar kwamfuta, zai tayar miki da tsohuwar manhajar.

Duk abin da ya buɗu ki mayar da shi PDF, ki yi kwafi uku, ɗaya a wajen gida. Ki kuma ɗauki hoton takardar da ke manne a kowane faifai, domin rubutun hannunsa ne zai gaya miki wanne ne wanne.